Gadin Sunaye

Ƙarfe uku na dare a Talin.
Ƙanƙara ta daina zuba, ta kwanta lamo a kan titi,
ni kuwa ina hawa na shida da gahawar da ta huce,
ina gadin sunayen da ba nawa ba.

Dubu arba'in ne da 'yan kai.
Mu muka gina ɗakunan, mu ke shara, mu ke kunna fitila,
amma allon da ke bakin ƙofa na ɗan haya ne:
can wani wuri ya saye shi,
shi zai juya shi ya fuskanto mu.
Wani ya manta ɗigo ɗaya a ƙarshen layi,
ya kwana yana tsine mana.
Wata mai gasa burodi a Tartu
ta nuna sunanta ga uwar garken da muka kashe tun bara waccan,
tana tambaya ina masu ciniki suka shige.
Na ce ta gyara, sannan ta yi haƙuri,
sabon adireshi gari-gari yake bi,
ba ya isa duniya a tashi ɗaya.

Kowane suna da kwaɗonsa,
kowane kwaɗo kwana casa'in ne wa'adinsa.
Na'ura ke sake su ɗari-ɗari,
ba ta hamma, ba ta tambayar lafiyar kowa.
Aikina in zuba ido allo ya zauna kore.

Yau ɗaya ya ƙi.
Ja ɗaya tilo, kamar tsinken ashana a ciyawa.

Na buɗe.
Endel Rebane, mai zuma, tsibirin Muhu.
Kwalabe shida a kan benci, hula mai raga,
kare yana leƙe daga gefen hoto.
Farashin na bazarar da ta wuce ne.
Kuɗin sunan ya ƙare, katin biya ya daina amsawa,
wasiƙun tuni bakwai, ba a buɗe ko ɗaya ba.

Kaupo ya ɗago daga teburinsa, ya ce,
“Cire shi daga jeri, Piret.
Sunan ba a hannunmu yake ba.
In kika tsaya wa kowa, yaushe gari zai waye?”
Gaskiyarsa.
Wanda ke kiwon dubu arba'in ba ya sanin fuska.

Sai dai a ƙasan akwatin ƙorafi,
tsakanin mai neman rangwame da mai neman faɗa,
akwai saƙon wata Signe:
“Babana ya rasu a watan Oktoba.
Ban san kalmar sirrinsa ba.
Mutane na bugo waya, wai shafin yana gargaɗinsu
cewa wurin nan ba abin amincewa ba ne.
Mutumin da bai taɓa zuba sukari a zuma ba.”

Na duba rajista.
Saura kwana tara sunan ya koma kasuwa,
inda dillalai ke tsugune da na'urorinsu,
su cafke shi kafin ƙiftawar ido,
su liƙa masa tallar caca.

Ba ni da ikon biya mata,
ba ni da ikon taɓa abin da ba namu ba.
Na rubuta mata sunan kamfanin da ke riƙe da shi,
da lambar wayarsu, da takardar da za su nema,
wadda na san tana cikin aljihun tebur, ba ta son kallonta.
Na ce ɗakin yana nan, ba wanda zai taɓa kwalaben.
Na goge kalmar “abokiyar ciniki”, na sa sunanta.

Kaupo ya ɗauki rigar sanyinsa ƙarfe shida.
A nan rana ba ta fitowa sai tara, in ta ga dama.
Sunaye ɗari biyu sun sami sabon kwaɗo ina zaune,
ban san ko ɗaya ba.

Na bar jan a kunne,
na rubuta wa mai karɓata da safe:
wannan na sani, kada ki kashe.